Abin da Ke Cikin Nonon Zinnira

Garo,
9 ga Yuni, 2024

Zuwa ga Yayana Badaruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Mansura da yara. Ya aikin asibiti, ya mutanen Gwarzo? Mu nan lafiya lau. Muhammad Nur ya cika kwana hamsin jiya, kuma kunnuwanka ya kwaso gaba ɗaya, Allah ya ba shi haƙuri.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Zana ce kawai tsakanin sashenmu da na surukata, in na ɗaga waya, kafin ka ji ita ta ji. Don haka zan riƙa ba Asta mai nono wasiƙa ranar kasuwa ta miƙa maka.

To, baƙin jami'ar da ka turo sun zo. Dakta Bushira ta tara mu a ƙofar Mai Unguwa, ta ce suna son ɗiban jinin maza da ruwan nonon masu shayarwa, su duba ko maganin ƙwari ya taru a jikinmu. Can wata ta ce ita ba ta taɓa jin an tatsi mutum kamar saniya ba. Aka kwashe da dariya, kowa ya fara neman takalminsa.

Ni na tashi na karɓi kwalbar. Na shiga ɗaki na tatsa, na fito na miƙa mata a gaban kowa. Ba don kai ba, kada kanka ya kumbura. Na yi ne don jikina ne, kuma in akwai abin da ke cikinsa, gara in sani. Bayan nan mata goma sha uku suka biyo ni, wasu ta ƙofar baya.

Yanzu gari ya ɗauka. An ce na sayar da nonon ɗana ga masu tsafi. An ce allurar hana haihuwa za a haɗa da shi. Surukata kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Maigidana Lukuman dai ya ba da jininsa, amma da aka tambaye shi a masallaci sai ya ce ciwon kai ya kai shi. Namiji ke nan.

Goggo Asibi ce kaɗai ta tsaya mini. Ta zo da man kitsonta ta zaunar da ni, ta yi mini shuku, tana yi tana ɗaga murya yadda za a ji a bayan zana: “Duk wadda ta ce 'yata mayya ce, ta nemi wata makitsiyar.” Ka san kuwa ba wadda za ta yarda ta rasa hannun Goggo, daga nan har Dugabau.

Ka gaya wa likitar nan ina jiran sakamakona. Ta yi alkawari a gaban jama'a, kuma ni ba na mantuwa.

Ka gaishe da kowa. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Zinnira

Gwarzo,
16 ga Yuni, 2024

Zuwa ga ƙanwata Zinnira,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso, na kuma karanta shi da natsuwa. Allah ya raya Muhammad Nur bisa tafarkin addini. Ina gaida Goggo da girmamawa, da Malam Lukuman da mahaifiyarsa.

Na ji daɗin abin da kika yi, sai dai ina roƙonki ki rage kaifin baki. Surukarki uwa ce, kuma tsoron da mutane suke ji ba na banza ba ne, don ba a saba ba.

Ga bayanin aikin, ko wata za ta tambaye ki. Akwai sinadaran da ɗan Adam ya haɗa waɗanda ba sa ruɓewa. Rana ba ta cin su, ruwa ba ya wanke su. In sun shiga jiki sai su laɓe a cikin kitse, su yi shekara goma ko ashirin suna nan. Da yake nonon uwa yana da maiƙo, a nan ake saurin ganinsu. An ɗebi na Garo da Dugabau a Kabo, da na Mainika a nan ɓangarenmu, don a kwatanta. Ba a rubuta sunan kowa a kwalba ba, lamba ce kawai, kuma kowace mace ita kaɗai za a ba takardarta.

Ɗakin gwajin yana da nisa, aikin kuma yana ɗaukar watanni. Ki yi haƙuri, ki ci gaba da shayar da yaro kamar yadda kika saba.

Wassalam.

Yayanki,
Badaruddeen

Garo,
24 ga Nuwamba, 2024

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan an yi kaka lafiya.

Wata biyar ke nan. Muhammad Nur ya zauna, ya fara rarrafe, haƙora biyu sun fito, ni ce shaida. Sakamako shiru.

Asta ta ce ta ga motar Dakta Bushira a ƙofar asibitinku sau biyu a watan nan. Ta ce da ka hango ta da ƙwaryarta sai ka shige ofis ka tura ƙofa. Yaushe ka fara gudun mai nono, kai da aka yaye ka da kindirmo?

Na sha zagi a garin nan saboda kwalba ɗaya. Ba zan sha shi a banza ba. In takardata ta zo, ka aiko mini. In ba ka aiko ba, ranar kasuwa mai zuwa zan goya yaro in hau babur in zo in karɓa, kuma ka san ba a hankali zan yi sallama ba.

Ƙanwarka,
Zinnira

Gwarzo,
1 ga Disamba, 2024

Zuwa ga ƙanwata Zinnira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina neman afuwa kan jinkirin. Gaskiyarki ce, sakamako ya zo mako uku da suka wuce. Jibi Dakta za ta zo Garo ta ba kowa takardarsa hannu da hannu. Ta yarda in fara sanar da ke, don kada ki ji a tsaye.

An samu wani tsohon maganin ƙwari a jikin mutane, irin farar hodar da aka hana amfani da ita tun kafin a haife mu. Kowa yana da ɗan kaɗan, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya ɗaure wa Dakta kai shi ne rabon. Mazan da ke feshi a gona, waɗanda aka fi zargi, nasu kaɗan ne. Matan Mainika ma kaɗan. Amma matan Garo nasu ya ninka na Mainika sau da yawa, haka wasu 'yan tsiraru a Dugabau. Naki yana cikin na sama.

An koma an gwada ruwan rijiyoyi, da waken rumbu, da ƙasar gona, da madarar shanu. Ba a ga abin da zai kai haka ba. Mai yiwuwa a rubuta a rahoto cewa ba a gano tushen ba.

Ki saurare ni da kyau a nan. Wannan ba ya nufin kina da ciwo, ko yaro yana da shi. Yana nufin akwai haɗari in abin ya ci gaba da taruwa. Dakta ta ce kada ki yaye shi, amfanin nono ya fi cutar nesa ba kusa ba. Babban magani shi ne a daina ƙarawa.

Ki kwantar da hankalinki, ki bar wa masana aikinsu.

Yayanki,
Badaruddeen

Garo,
15 ga Disamba, 2024

Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Gaisuwata gajera ce yau, ka yi haƙuri.

Na karɓi takardata. Ranar na kasa kallon yaron nan yana tsotso. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Da na share hawaye sai na ce ruwa ba ya tsami banza.

Kun ce sirri ne, ba a faɗar sunan kowa. Ku ne kuke da sirri. Mu a bakin rijiya kowace ta zaro tata daga lalita, muka jera su a kan murfin bokiti. Waɗanda ba su iya karatu ba na karanta musu. Na je har Dugabau gaisuwar mutuwa, na ga na can. Mata uku ne nasu ya hau, kuma duka ukun na san su, don a tabarmar Goggo nake ganinsu duk wata. A nan Garo mace ɗaya ce nata ya yi ƙasa, matar limamin da ke yi wa kanta kalaba saboda ba ta fita.

Yaya, tuwo ɗaya muke ci da mazanmu, ruwa ɗaya muke sha. Mene ne mace take sawa namiji ba ya sawa?

Ka tuna yadda Goggo take haɗa man kitso? Man shanu, kanumfari, sai ta ce mini, “Je ki ɗebo mini sirrin.” In shiga ɗakin ajiya da cokali, in ɗebo farar hoda daga garwar nan mai tsatsa. Garwar da kakanmu Jalo ya samo a wurin malaman dabbobi lokacin yana da garke, don kaskar shanu. Shanu sun ƙare, garwa ba ta ƙare ba. Ita ce dalilin da ake cewa kan da Goggo ta taɓa ƙwarƙwata ba ta kwana a cikinsa. Tun ina 'yar shekara huɗu ake murza mini ita a fatar kai, a ɗaure da ɗankwali, ta yi mako uku ba a wanke ba.

Kuma kai ma ka sani. Murfin yana da tauri, kai kake buɗe mini shi da wuƙa.

Shekaranjiya na shiga gaishe ta, tana alwala na ɗebo kaɗan. Kunya ta kama ni kamar ɓarauniya, amma na ɗebo. Ga shi nan a ƙulle cikin leda biyu, na ce wa Asta kada ta kusantar da shi da ƙwaryarta. Ka ba Dakta ta gwada. Ina roƙon Allah ya sa ƙarya nake yi.

Ƙanwarka,
Zinnira

Gwarzo,
19 ga Disamba, 2024

Zinnira,

Wa alaikis salam. Na karɓi ƙullin.

Ba ƙarya kike yi ba. Tun ranar da na ga sakamakon garwar nan ta faɗo mini a rai, shi ya sa na kasa haɗa ido da Asta. Na nuna wa Dakta ƙullin, na ce a wani ƙauye aka samo. Ta kai an duba a Kano, jiya ta kira ni. Ita ce hodar, kuma ta ce in an kwaɓa ta da mai ta fi saurin ratsa fata. Ta tambaye ni ƙauyen, na ce zan bincika.

Yanzu ki bar ni in yi magana a matsayin yayanki. Ina da shekara tara, kina da biyu, iyayenmu suka rasu. Goggo ba ta da ɗa ko ɗaya nata, ta ɗauke mu. Da yatsun nan ta ciyar da mu, da su na yi karatu har na zama abin da ake kira malamin asibiti. Ba ta san guba ba ce. Uwarta ta gani tana yi.

Kin san mutanenmu. In maganar nan ta fita, duk macen da ta taɓa ɓari, duk wadda yaronta ya zo da lalura, Goggo za a nuna, ko da hodar ce ko ba ita ba. Dakta da kanta ta ce ba mai iya rantsewa a kan ciki ɗaya. Amma wa zai tsaya jin wannan? Tsohuwa mai shekara sittin da bakwai za ta ƙare rayuwarta ana ce mata mai kisa.

Ga shawarata. Zan zo ranar Asabar ta makon gobe kamar ziyara, in ɗauke garwar, in zuba mata alli a wata. Ba za ta gane ba, idonta ya yi rauni. An daina ƙarawa, asiri ya rufu, rahoto ya tafi yadda yake. A bar kaza cikin gashinta, Zinnira. Ina roƙonki don darajar iyayenmu.

Yayanki,
Badaruddeen

Garo,
23 ga Disamba, 2024

Yaya,

Salamu alaikum. Na karanta, kuma ban yarda ba. Kada ka wahalar da babur ɗinka ranar Asabar.

Kai namiji ne, ba ka san yadda abin yake ba. Ba a garwa kaɗai man yake ba. Duk amaryar da Goggo ta yi wa kitson biki, sai ta ba ta kwalba guda ta tafi da ita ɗakin miji. Duk mai jego, kwalba. Mata suna ajiye shi a bayan kwalla suna lallaɓawa, ya yi shekara. Da shi ake shafa wa 'yan mata kai in sun dawo daga makaranta suna susa. Surukata tana da biyu. In ka ɗauke garwa ka yi shiru, wa zai shiga ɗakunan nan ya ce a daina? Alli za ka bi su da shi gida gida?

Sannan ka ce a yaudare ta da alli. Matar da ta riƙe mu? Ka mayar da ita yarinyar goye, tana zuba ƙasa a man kitso tana alfahari, muna dariya a ciki? Ni a ganina wannan ya fi zagi ciwo.

Don haka na je na same ta jiya da hantsi. Tana tsefe wa wata yarinya kai, na jira ta sallame ta. Na durƙusa na gaya mata komai, har satar da na yi mata. Ta daɗe tana goge tsinken kitso a zaninta. Sai ta ce, “Ashe takardar Turawa ta fi nonon da na nema miki a gari?” Na ce, “Goggo, ba ta fi ba. Amma abin yana cikin nawa nonon, kuma jikanki yake sha.” Ta ce, “Shekara hamsin ina wannan, wa ya faɗi ya mutu a tabarmata?” Na ce, “Ba ya kayar da mutum, taruwa yake yi.” Ta ce, “Tashi ki fita mini daga gida.”

Na fita. Ina son matar nan fiye da yadda kake zato, Yaya, ni ce na kwana a bayanta.

Ranar Alhamis ake kitson Aisha Humaira, 'yar Mai Unguwa. Matan Garo da na Dugabau duk za su taru, kuma Goggo za ta buɗe sabon haɗi. Na aika mata cewa in ta ɗauko man nan, zan miƙe a tsakiyar taro in faɗa. Lukuman ya ce in na yi haka in wuce Gwarzo kawai, kada in dawo masa. Na ce to, ka gyara mini ɗakin baƙi.

Kai kuma ka je ka gaya wa Dakta sunan ƙauyen. Ta ɗebi nononmu bisa amana, kada ka sa ta rubuta “ba a sani ba” alhali ka sani. In ba za ka iya ba, ina da lambarta a jikin takardata.

Ka yafe mini in na yi maka rashin kunya. Ban janye ko kalma ɗaya ba.

Ƙanwarka,
Zinnira

Garo,
27 ga Disamba, 2024

Badaru,

Ni ce Goggonka Asibi. Asta ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce kada ta gyara mini magana. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka.

An ce ka so ka zuba mini alli. Idona ne ya yi rauni, ba hancina ba. Za mu yi wannan maganar in ka zo.

Jiya ƙanwarka ta zo gidan biki da goyo, ta tsaya a bakin ƙofa tana huci kamar za ta yi dambe. Ban bari ta buɗe baki ba. Ba a haifi yarinyar da za ta tona mini asiri a gaban mata ba. Ni na sa aka kinkimo garwar aka dire a tsakar gida, na buɗe da hannuna, na ce ga sirrin da kuke tambaya shekara da shekaru, maganin kaska ne, kuma likita ta ce guba ne. Na yi wa amarya kitsonta da man shanu zalla.

Wasu sun yi kuka, wasu sun zage ni. Wata ta tofa yawu ta ja 'yarta suka fita. Na ji, ban mutu ba. Daga jiya zuwa yau na bi gida gida, don na san duk kan da na taɓa. Kwalba arba'in da ɗaya na karɓo, suna cikin buhu a ɗakin ajiya, na sa kwaɗo. Gobe Dugabau. Ku zo ku kwashe abinku, ban san inda ake zubar da irin wannan ba.

Ka ce wa Zinnira ban huce ba tukuna. Mijinta bai kore ta ba, na yi masa magana.

Ka zo mini da likitar nan da allurarta. Ba a ɗebi jinina ba wancan karon, an ce tsofaffi ba sa ciki. Ni hannuna ne a cikin man nan tun ina budurwa. Ciki huɗu na yi a gidan aure, Badaru, ba wanda ya zauna, na ce rabo ne, na ɗauke ku. Ina so ta dube ni ta gaya mini da bakinta. In hodar ce, ta ce ita ce. In ba ta sani ba, ta ce ba ta sani ba. Kada wanda ya rarrashe ni.

Allah ya yi muku albarka.

Goggonku,
Asibi